Yadda ake shirya Vim domin sabon mai koyo ya iya zama da shi

Vim edita ne na rubutu da ake aiki da shi a cikin taminal, wato tagar buga umarni. Yawancin masu rubuta manhaja ba da niyya suke fara haɗuwa da shi ba. Mutum ya buga `git commit`, ko ya shiga wata sabar ta SSH don ya gyara layi ɗaya tak, sai ya tsinci kansa a gaban baƙin allo: yana buga haruffa ba sa fitowa, wani layi ya ɓace bai san abin da ya taɓa ba, hanyar fita kuma babu ita. Tambayar yadda ake fita daga Vim ta haura kallo miliyan ɗaya a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, tun shekarar 2017. Da yawa daga wannan karon farko suke yanke hukunci, ba sa sake waiwayarsa.

Na sha shirya wa masu koyo Vim, kuma abu biyu na ga suna korar su. Na farko, ba su san a wane yanayi editan yake ba a lokacin da suke taɓa maɓalli. Na biyu, tsoron kada aikinsu ya salwanta. Saitin da ke maganin waɗannan biyun bai kai layi talatin ba, kuma shi za mu gina a nan, ko don kanka kake yi ko don wanda kake koya wa.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe kafin a fara. Vim yana da yanayi daban-daban, kuma aikin kowane maɓalli yana sauyawa da yanayin. Idan ka buɗe shi, a yanayin umarni yake: `x` yana goge harafi, `u` yana janye abin da ka yi, `j` yana sauka layi ɗaya. Sai ka danna `i` kafin ka shiga yanayin rubutu, inda haruffa ke fitowa yadda aka saba, maɓallin Esc kuma ya mayar da kai yanayin umarni. Akwai na uku, yanayin zaɓi, da ake shiga da `v` don a shafa wani yanki na rubutu. Tsarin ya samo asali ne daga vi, wanda Bill Joy ya rubuta a 1976, Bram Moolenaar kuma ya fitar da Vim a 1991 a kan wannan tubalin.

## Abubuwan da ake buƙata

- Kwamfuta mai Linux, macOS ko Windows, da taminal da za ka buga umarni a ciki.
- Cikakken Vim, daga na 8 zuwa sama. Neovim, wani edita da aka gina daga Vim, shi ma ya yi. Inda suka bambanta zan faɗa.
- Folda ta gwaji mai kwafin fayiloli biyu ko uku na ainihin aiki. Kada a yi koyo a kan fayilolin da ba su da madadi.
- Ƙaramar takarda da biro.
- Kimanin awa ɗaya: rabi na saiti, rabi na darasi.

## Mataki na 1: Tabbatar cewa cikakken Vim gare ka

A taminal, buga:

```
vim --version
```

Layin farko zai nuna lambar fitowar. Ƙasa da shi akwai dogon jeri na sunaye, kowanne da alamar `+` ko `-` a gabansa. Nemi `clipboard` da `syntax`. Alamar `+` na nufin akwai abin, `-` na nufin an cire shi.

Wannan dubawar tana da muhimmanci saboda Ubuntu da Debian suna zuwa da wani ɗan guntun Vim mai suna `vim-tiny`. Ba ya sanya wa rubutu launi, ba ya zuwa da darasin koyo, kuma idan aka kira shi da sunan `vi`, maɓallan kibiya kan zubo haruffan A, B, C, D a cikin fayil yayin da kake rubutu. Wanda ya fara da wannan zai ɗauka haka Vim yake. Girka cikakken:

```
sudo apt install vim-gtk3
```

A Fedora, `vim-enhanced` ya isa ga yawancin aiki, amma kwafi tsakanin Vim da sauran manhajoji sai da `vim-X11`, wanda ke ba ka umarnin `vimx`. A macOS, `brew install vim`. A Windows akwai fayil ɗin girkawa a shafin vim.org, kuma wanda ya riga ya girka Git yana da Vim a cikin Git Bash.

Idan sabar ce ta wani kuma ba ka da ikon girka komai, yi koyon a kwamfutarka, ka je sabar da abin da ka iya. Umarnan tushe iri ɗaya ne ko'ina.

## Mataki na 2: Hanyar fita kafin komai

Kafin a taɓa saiti, ɗauki takardar nan ka rubuta waɗannan da hannu, ka manna ta a gefen allo:

```
Esc      koma yanayin umarni
i        fara rubutu
:w       adana
:q       fita
:wq      adana ka fita
:q!      fita ba tare da adanawa ba
u        janye abin da ka yi
Ctrl+r   dawo da abin da ka janye
```

Buɗe ɗaya daga fayilolin gwaji, ka ɓata shi da gangan, sannan ka danna Esc, ka buga `:q!` da Enter. Sake buɗewa ka gani da idonka cewa babu abin da ya same shi. Maimaita har hannu ya saba. Mutumin da ya tabbata cewa ko me ya ɓata zai iya fita lafiya, shi ne yake da ƙarfin zuciyar gwada sabon umarni. Dokar da nake ba kowa ita ce: duk lokacin da ka rikice, danna Esc sau biyu. Ba ya ɓata komai.

## Mataki na 3: Ƙirƙiri fayil ɗin saiti

A Linux da macOS sunansa `~/.vimrc`, a Windows `_vimrc` a cikin foldarka ta gida, a Neovim kuma `~/.config/nvim/init.vim`. Buɗe shi da Vim ɗin kansa, wannan ma atisaye ne:

```
vim ~/.vimrc
```

A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Tun daga Vim 8.0, wanda ya fito a 2016, idan ba ka da `.vimrc` editan yana ɗora wani saiti mai kyau da kansa daga fayil ɗin `defaults.vim`: launin rubutu, gane nau'in fayil, nuna umarnin da kake kan bugawa, komawa layin da ka tsaya jiya. Da zarar ka ƙirƙiri naka `.vimrc`, ko da layi ɗaya ne a ciki, sai ya daina ɗora wancan. Mai koyo ya ƙara lambar layi kawai, ya sake buɗewa ya ga launuka sun tafi, ya zaci ya lalata wani abu. Saboda haka layuka biyun farko su zama:

```
unlet! skip_defaults_vim
source $VIMRUNTIME/defaults.vim
```

Mai amfani da Neovim ya tsallake waɗannan biyun, domin irin wannan saitin yana cikinsa tun asali.

Gargaɗi na biyu, kuma ina yin sa da babbar murya: kada ka kwaso `.vimrc` na wani gwani mai layi ɗari biyar ka liƙa. Zanen aro ba ya rufe katara. Gwanin ya sauya ma'anar maɓallai bisa bukatarsa ta shekaru, kai kuma za ka karanta darasi ya ce danna kaza, ka danna wani abu dabam ya faru, ba ka san ko kai ne ka yi kuskure ko saitin ne ba. Kowane layi da zai shiga fayil ɗinka, ka san aikinsa, ka rubuta bayaninsa a samansa. A `.vimrc` layin bayani yana farawa da alamar `"`.

## Mataki na 4: Sa yanayin ya fito fili

Wannan ne matakin da ya fi kowanne amfani, don haka kada a yi masa gaggawa. Vim yana rubuta `-- INSERT --` a can ƙasan allo idan kana yanayin rubutu, amma idon mai rubutu ba ya kan ƙasan allo, yana kan alamar nan mai nuna inda harafi zai faɗa. To, ita alamar za mu sa ta riƙa sauya siffa:

```
" siririn tsaye a yanayin rubutu
let &t_SI = "\e[6 q"
" layin ƙasa a yanayin maye gurbi
let &t_SR = "\e[4 q"
" murabba'i a yanayin umarni
let &t_EI = "\e[2 q"

set showmode
set laststatus=2
set number
```

Adana, fita, sake buɗewa. Danna `i`: alamar ta zama siririn layi a tsaye, irin wanda kowa ya sani a sauran manhajoji. Danna Esc: ta koma murabba'i mai kauri a kan harafi. Daga yau siriri yana nufin rubuta, murabba'i yana nufin ba da umarni. Na ga masu koyo da suka yi kwanaki suna zuba `jjjj` da `:w` a tsakiyar rubutunsu sun daina a wuni ɗaya bayan wannan gyaran.

Kula da tazarar da ke tsakanin lambar da harafin `q`. Idan ka cire ta, ba zai yi aiki ba. Yawancin taminal na zamani sun fahimci waɗannan alamomin. Idan naka bai fahimta ba, ga madadi: sa layin da kake kai ya haskaka a yanayin rubutu kaɗai.

```
autocmd InsertEnter * set cursorline
autocmd InsertLeave * set nocursorline
```

Neovim da gVim, wato Vim mai buɗewa a tagarsa ba a taminal ba, suna sauya siffar alamar da kansu.

Sauran layukan: `laststatus=2` yana barin sunan fayil a ƙasa kullum, da alamar `[+]` idan akwai gyaran da ba a adana ba, `number` kuma yana nuna lambar kowane layi.

Sai batun Esc kansa. Taminal ɗin da Bill Joy ya yi aiki da shi, ADM-3A, yana da Esc a wurin da Tab yake a allon madannai na yau, kusa da ɗan yatsa, kuma an zana kibiyoyi a kan h, j, k, l. Yau Esc ya koma can kusurwa. Mafita mafi sauƙi ita ce a mayar da Caps Lock ya zama Esc. A macOS ana yi a saitin allon madannai, sashen maɓallan sauyi. A Linux mai X11, `setxkbmap -option caps:escape`, ko ta GNOME Tweaks. A Windows, ta PowerToys. Idan kwamfutar ba taka ba ce, `Ctrl+[` daidai yake da Esc a ko'ina.

## Mataki na 5: Kare aiki daga salwanta

```
" tambaye ni maimakon ka ƙi fita
set confirm
" bari in koma wani fayil ba tare da na adana wannan ba
set hidden
" tuna tarihin gyara ko bayan an rufe fayil
set undofile
set undodir=~/.vim/undo
```

Layin ƙarshe yana buƙatar foldar ta kasance, Vim kuma ba zai ƙirƙira maka ita ba. A taminal: `mkdir -p ~/.vim/undo`. Gwada shi nan take: gyara fayil, adana, fita, sake buɗewa, danna `u`. Gyaran ya janye duk da an rufe editan. A Neovim `set undofile` kaɗai ya wadatar.

Hannun wanda ya fito daga wasu editoci ya saba da Ctrl+s, kuma ban ga dalilin yaƙi da wannan sabon ba:

```
nnoremap <C-s> :update<CR>
inoremap <C-s> <Esc>:update<CR>
```

Layi na biyu yana adanawa ya kuma bar ka a yanayin umarni, wanda shi ne mazaunin da ya kamata ka riƙa komawa bayan kowane rubutu. Kada ka sa bayani a ƙarshen irin waɗannan layukan, domin Vim zai ɗauke shi a matsayin ɓangaren umarnin. Bayani ya hau layinsa a sama. Idan ka danna Ctrl+s allon ya sandare, musamman da tsohon Vim, taminal ne ya tsayar da fitar rubutu. Ctrl+q yana sake shi, sanya `stty -ixon` a cikin `~/.bashrc` kuma yana hana faruwar hakan.

Akwai wani saƙo mai firgita sabon shiga, wanda ke farawa da `E325: ATTENTION` ya cika allo. Yawanci ga yadda ake kaiwa gare shi: mutum ya danna Ctrl+z da nufin janye kuskure, Vim ya ɓace, ya ga taminal. Editan bai mutu ba, an jingine shi ne a baya, kuma buga `fg` zai dawo da shi da duk abin da ke ciki. Wanda bai sani ba sai ya sake buɗe fayil ɗin, Vim na biyu ya tarar da fayil ɗin wucin gadi na farkon, mai ƙarewa da `.swp`, ya yi gargaɗi. Idan ka ga saƙon, danna `q`, ka buga `fg` tukuna. Idan babu wani Vim a baya, wato kwamfutar ce ta mutu ana cikin aiki, sake buɗe fayil ɗin ka zaɓi `r` don a dawo da abin da ba a adana ba, ka duba, ka adana, sannan ka goge fayil ɗin `.swp`.

## Mataki na 6: Linzami, kwafi da bincike

```
set mouse=a
set clipboard=unnamedplus
set ignorecase smartcase
set hlsearch
nnoremap <Space>n :nohlsearch<CR>
set expandtab shiftwidth=4 softtabstop=4
set encoding=utf-8
```

A Windows da macOS rubuta `unnamed` a madadin `unnamedplus`. Da wannan layin, abin da ka kwafa da `y` zai liƙu a burauza, abin da ka kwafo daga burauza kuma `p` zai sauke shi. Amma ka sani, a Vim gogewa ma kwafi ce: `dd` yana cire layi ya ajiye shi a ma'ajiyar kwafi, ya danne abin da ke can. Idan ka kwafi layi da `yy`, ka goge wani, sannan `p` ya sauke maka wanda ka goge, buga `"0p`, zai kawo wanda ka kwafa. Neovim a Linux yana buƙatar `xclip` ko `wl-clipboard`, kuma `:checkhealth` zai gaya maka in babu. A sabar ta SSH, inda wannan haɗin ba ya aiki, riƙe Shift yayin shafa rubutu da linzami a yawancin taminal, ka kwafa da Ctrl+Shift+c.

`smartcase` yana sa bincike ya yi watsi da bambancin babban harafi da ƙarami, sai in kai ka sa babba a abin da kake nema. Ana bincike da `/`, `n` ya kai ka na gaba, tazara da `n` kuma su share hasken. Layin `utf-8` yana tabbatar da haruffa irin ƙ, ɗ da ɓ sun fito daidai.

Wasu suna ba da shawarar a toshe maɓallan kibiya don a tilasta wa mai koyo h, j, k, l. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Saurin Vim yana cikin tsallake kalma da `w`, faɗawa kan abin da ake nema da `/`, da gyara yanki guda da umarni ɗaya. Wanda ke tafiya harafi-harafi da `l` bai fi mai kibiya sauri ba. A bar masa kibiyoyinsa da linzaminsa. Zai ajiye su da kansa ranar da ya ga hanya mafi kusa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ban son a mayar da Vim ya zama wani edita dabam. Akwai `vim -y`, wanda ke barin ka a yanayin rubutu kullum, da `mswin.vim`, wanda ke ba Ctrl+c da Ctrl+v aikin da suke yi a Windows. Suna sauƙaƙa ranar farko, amma mutum zai shiga sabar da ba ta da su ya koma jiya-i-yau, kuma Ctrl+v a Vim yana da nasa aikin mai daraja, wato zaɓen rubutu a tsaye ta layuka da yawa.

## Mataki na 7: Darasi, sannan tsarin umarni

A taminal buga `vimtutor`. A Neovim, `:Tutor`. Darasi ne da ake yi da hannu a kan kwafin fayil, kimanin rabin awa. Yi shi yau, ka sake bayan kwana biyu.

Bayan haka, kada a haddace jerin umarni. Umarnan Vim haɗi ne na aiki da abin da za a yi wa aikin. Ayyuka uku sun isa farko: `d` goge, `c` sauya, `y` kwafa. Sai wurare: `w` zuwa farkon kalma ta gaba, `$` zuwa ƙarshen layi, `iw` kalmar da kake ciki, `i"` abin da ke tsakanin alamun zance, `ip` sakin layi. Ga misali:

```
print("sannu da zuwa")
```

Ajiye alamar a kan kowane harafi na cikin zancen, buga `ci"`. Kalmomin uku sun tafi, alamun zancen suna nan, alamar ta zama siririya tana jiran sabon rubutu. Rubuta abin da kake so, danna Esc, je wani layi mai irin wannan zancen, danna `.` kawai. Gyaran ya maimaitu. Duk sabon wuri da ka koya yana aiki da ayyukan uku, duk sabon aiki kuma yana aiki da wuraren da ka riga ka sani. Umarni ɗaya sabo a rana ya isa, a kan aikin gaske.

Abu biyu kan faru bisa kuskure a makon farko. Ka buga `q:` maimakon `:q`, wata ƙaramar taga ta buɗe da tarihin umarnanka: `:q` yana rufe ta. Ko ka ga `recording @` da wani harafi a ƙasan allo: ka fara naɗar umarni ne, danna `q` ya tsaya.

## Mataki na 8: Ƙarin manhajoji, da abin yi idan saiti ya rikice

A makonni biyun farko, kada a girka ko ɗaya. Don duba fayilolin folda akwai `:Explore` a cikin Vim. Bayan nan, sai in wata bukata ta dame ka a aiki, ka ƙara ɗaya, ka zauna da ita kwanaki kafin ta gaba. Tun Vim 8 ba a buƙatar wani manajan girkawa: duk abin da ka sauke a cikin `~/.vim/pack/nawa/start/` zai ɗoru da kansa. Wadda na fi ba sabon shiga ita ce vim-commentary ta Tim Pope, inda `gcc` ke mayar da layi ya zama bayani ko ya dawo da shi. Neovim daga 0.10 yana da wannan a cikinsa.

Wanda aikinsa na kullum yake cikin VS Code ko editocin JetBrains ba sai ya bar su ba. VSCodeVim da IdeaVim suna kawo yanayin Vim da umarnansa cikin editan da ya saba, ya koyi `ci"` da `.` a can. Wanda kuma bai shirya ba tukuna, amma Git yana jefa shi cikin Vim, ya buga `git config --global core.editor nano` har zuwa lokacin da zai zauna ya bi waɗannan matakan.

Idan wani abu ya fara yin ba daidai ba, buɗe da `vim --clean` da sunan fayil. Wannan yana tsallake saitinka da duk abin da ka girka. In matsalar ta tafi, daga wurinka take: sa `"` a gaban rabin layukan `.vimrc`, gwada, ka ci gaba da rabawa har ka kama layin. Don sanin inda aka sauya wani saiti, `:verbose set shiftwidth?` zai nuna ƙimarsa da fayil ɗin da ya taɓa shi na ƙarshe, `:verbose map <C-s>` kuma ya yi haka ga maɓalli. Bayanin kowane saiti yana cikin editan: `:help 'confirm'`, da alamun nan guda biyu a gefe, zai buɗe shi a sabuwar taga, `:q` ya rufe tagar ya bar ka a fayil ɗinka.